Ranar da Na Ƙirga Ƙanena

Tsufa ya mayar da ni mai saurare. Ido ya rage, ƙafa ba ta kai ni kasuwa, sai kunne ya karɓi aikin duka. In na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki da hantsi, Matameye gaba ɗaya takan hauro mini ta kan katanga: kukan babura, injin niƙan maƙwabta da ba ya hutawa sai an ɗauke wuta, injinan ban-ruwa can wajen garka, da waƙoƙin da samari ke saki a waya ba tare da sun tambayi kowa ko yana so ba. Nakan kasa kunne in nemi lugude, in rasa. Nakan nemi kukan jigo, in rasa. Yaran yanzu in ka ce musu jigo sai su zaci wani abin ci ne. Amma canjin da ya fi tsaya mini a rai na lakwal ɗin da ke bayan gidanmu ne, wato makarantar boko. A zamaninmu tun daga bakin rijiya ake jin ƴan ajin farko suna rera ƙirga da Faransanci, murya ɗaya, kamar kwaɗi bayan ruwan farko. Yanzu abin da nake ji sai ƙarar murafan kwalba a cikin gwangwani, da muryar malama tana tambayar yaro guda da Hausa, tana jira har ya amsa.

A lakwal ɗin nan ina da jika, ƴar ɗana mai zuwa cin rani Kano. Bana aka sa ta. Yanzu suna da wata hanya: farkon shekara malama takan kira yara ɗaya bayan ɗaya ta gwada su, ta ga inda kowa ya tsaya a ƙirga, sannan ta raba su rukuni-rukuni, ta fi zama da na baya. To, jikata a rukunin ƙarshe ta faɗa, aka kuwa aiko da takarda gida. Da labari ya kai wa ubanta ta waya, sai ya ce shi ba ya son wahalar banza: in ya dawo shuka ya tarar ba ta motsa daga ƙasa ba, zai cire ta ta zauna ta taya uwarta suyar awara. Ba mugu ba ne, amma in ya faɗi magana ba ya janyewa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce wa surukata malaman yanzu ba su san aikinsu ba, don yarinyar nan ita ke raba wa ƴan'uwanta rake, ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba. Kwana biyu na yi ina faɗa. Ashe ciwon ba a lakwal yake ba, kuma ba a jikin yarinyar ya fara ba. Kafin in faɗi yadda ta kaya sai na koma baya, zuwa lokacin da nake kamarta.

Na tashi a gidan yawa, a unguwar da yanzu shaguna suka cinye. Babanmu manomin rake ne da gyaɗa. A gidanmu ba wanda ya taɓa kiran lissafi darasi, amma da shi muke tashi, da shi muke yini. Da sassafe kakata, uwar babanmu, ita ke auna hatsin da za a daka, tiya kaza ta tuwo, tiya kaza ta fura, ni ce mai riƙe mata ƙwarya ina bin hannunta da ido. Lokacin girbi muna bakin rumbu ana jefa dami, Baba yana cewa mu lura, duk na goma a ware shi gefe, na zakka ne, kuma kaicon yaron da ya tsallake. In aiki ya lafa sai carabke a gindin dogonyaro, ɗaiɗai, bibbiyu, uku-uku, har bayan hannu ya yi fari. Amma inda na yi suna shi ne rabon rake. In Baba ya dawo daga garka da sanda ɗaya ko biyu, ni ake miƙa wa wuƙa, don na lura da abin da manya ba su damu da shi ba: gindi ya fi zaƙi, kai lami ne, saboda haka mai gindi gaɓa biyu, mai kai gaɓa uku. Kakata takan ce in aka ba ni ƙwayar gero ɗaya zan raba wa unguwa.

Abu ɗaya ne ba a ƙirgawa a gidanmu, shi ne mutum. Kakata ta haihu da yawa, kuma waɗanda ta rufe sun fi waɗanda ta aurar. In baƙuwa ta yi suɓul da baka ta tambaye ta jikokinta nawa, sai ta ce masu albarka ne, ta kawo wata hira. In lokacin fura ya yi ba ta cewa a duba yara nawa ne; cewa take a ƙirgo ludayi, kowane yaro da nasa. Wata rana muna zagaye da ƙwarya, ni da iyayina na ɗaga yatsa na fara nuna ƴan'uwana, ɗaya, biyu. Ban kai uku ba na ji mafici a bayan hannuna.

"Ba a ƙirga mutane," in ji ta. "Mai ƙirga mutane nuna wa mutuwa yake inda za ta ɗiba."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta shige ni. Yau na san camfi ne. Amma ba zan zagi tsohuwar nan ba, mace ce mai salla da azumi, wadda ta san rai a hannun Allah yake fiye da yadda na sani. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne, rabin unguwa haka suke.

Shekarar da aka zo ɗaukar ƴan lakwal, mutane ɓoye ƴaƴansu suke, wasu a rumbu, wasu a tura su ƙauye wajen dangi. Takardar haihuwa babu, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen; in ya kamo, ya isa. Ni na kamo. Ƙanena mai bi mini, wanda Allah ya yi wa dogon hannu, shi ma ya kamo, yana dariya, bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Haka aka rubuta mu tare, aji ɗaya. Yaro ne mai wushirya, mai fito ta cikinta tun safe har a kwaɓe shi, mai cinye rakensa ya zo ya tsugunna gabana yana kallon nawa har in gutsura masa. Lakwal ba ta dame shi ba ko kaɗan. Ni kuwa tun ranar farko ta shiga raina: ƙamshin alli, sanyin allon dutse a cinya, ƙarar ƙarfen mota da ake bugawa a shiga aji. Na taɓa ganin wata mata mai farar riga a gidan likita tana rubutu, maza manya suna tsaye suna jiran ta gama, na ce a raina ni ma haka zan zama. Baba ya faɗa mana tun farko cewa wanda lakwal ta riƙe ya zauna, wanda ta koro garka na jiransa, kuma a fuskarsa ka san wanne ya fi so.

Malaminmu, mushe kamar yadda muke kiransa, saurayi ne daga Damagaram, mai wando da guga. Sai da na girma na gane shi ma yaro ne a lokacin, an tura shi garin da bai san kowa ba, an cika masa ɗaki da yara har bakin ƙofa. Hanyarsa ɗaya ce: ya faɗa, mu maimaita, wanda ya kuskure ya miƙa tafi. Ya sa kowa ya yanko sillen kara ya ɗaure goma-goma, su ne abin ƙirgarmu, yana kiransu bushet. Ni nake yanko nawa da na ƙanena, in mushe ya juya baya in nuna masa amsa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Hausa kuwa haramun ce a cikin aji. Akwai wani ƙoƙon kan akuya mai igiya da ake rataya wa duk wanda aka ji ya yi ta, ya yini da shi a wuya har ya kama wani. Saboda haka abin da ke cikin yaro, in ba ya cikin ƴan kalmomin Faransancin da ya haddace, a cikinsa yake kwana. Ban taɓa jin mushe ya tambayi wani yadda ya yi ya samo amsa ba, ko me ya hana shi samowa. Amsar kawai yake so, ni kuwa ina ba shi ita kafin ya rufe baki, har ya mayar da ni layin gaba.

Da sanyi ya fara ja da baya aka yi jarrabawar da ake tace yara da ita. Dirakta, shugaban lakwal, da kansa ya zo ya zauna a kujerar mushe da babban littafi a gabansa, ana kiranmu ɗaya-ɗaya gaban allo. Da aka zo kaina na zube bushet ɗina, na haɗa, na ɗebe, na raba, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da mushe ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma yana so ya nuna wa dirakta irin aikin da ya yi, sai ya tsamo yara nan da can ya jera su a gaba, ya ce in ƙirga su, in dafa kafaɗar kowa ina faɗa da ƙarfi. Na ɗaga kai na dubi layin. Ƙanena ne a ƙarshe, yana leƙo ni yana murmushi.

Na tsaya kamar an dasa ni. Mushe ya maimaita. Ya sake maimaitawa, aji ya fara ƙus-ƙus, dirakta ya cire murfin alƙalaminsa. Sai mushe ya sunkuyo daidai kunnena ya yi mini Hausa, karo na farko da na ji ta a bakinsa a cikin aji.

"Ke, kada ki ba ni kunya gaban babbana. Ki ƙirga, ko ki kwashi allonki ki tafi gida yau ɗin nan."

Ina so in zauna a lakwal, wannan ita ce gaskiya, ba zan ɓoye ta ba. A wannan lokacin son lakwal ya fi mini tsoron maganar kakata ƙarfi. Na lallashi kaina da wayon yara, na ce wataƙila mutuwa ba ta jin Faransanci. Na dafa kafaɗar na farko na ce an, na biyu de, haka har na kai kan ƙanena. Kafaɗarsa da ɗumi, rigarsa ta yage a wajen. Na ce set, bakwai ke nan. Ya zaro mini harshe, aji ya yi tafi, dirakta ya rubuta. Ni na zo ta ɗaya, aka ba ni kyautar kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango. A hanyar gida na yi wa ƙanena alkawarin rakena na mako guda in bai faɗa wa Kaka ba. Ya karɓa da murna, bai kuwa faɗa ba.

Da bazara ta kankama baƙon dauro ya shigo gari. A lokacin babu rigakafin da ake bi gida-gida ana yi yanzu, sai jiƙo da rufe yaro a ɗaki da addu'a. Aka rufe lakwal. Unguwa ta yi tsit, ba carabke, ba fito, turmi ma a hankali ake sauke masa taɓarya. A gidanmu yara da dama suka kwanta, duk suka tashi sai shi. Ya rasu ranar kasuwa da hantsi, ina jin jakuna suna wucewa da kaya ta bayan katanga. Maza suka ɗauke shi a tabarma, kafin azahar sun dawo. Kaka ta dama fura, don masu rai sai sun sha, ta ce in ɗauko ludayi. Na ɗauko kamar kullum, na miƙa wa kowa nasa, ɗaya ya rage a hannuna. Na tsaya da shi ban san inda zan kai shi ba. Ta karɓa, ta miƙa hannu ta soke shi a jinkar ɗakinta. A nan na tabbatar wa kaina ni na kashe shi, na ba da shi a kan kaye mai shuɗin bango. Shekarata ba ta wuce takwas ba, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Da aka buɗe lakwal na koma, amma bakina bai koma ba. In mushe ya ce in ƙirga, ko bushet ne, ko tagogin aji, sai in kasa, in ji ɗumin kafaɗar nan a tafina. Ya yi lallashi, ya yi duka. Ya ce girman kai ne ya kama ni don na zo ta ɗaya. Daga baya ya ce dama can hadda nake yi irin ta aku. Daga layin gaba na koma tsakiya, daga tsakiya na koma jikin bango, inda ake tara waɗanda aka fid da rai da su. Ya san ƙanena ya rasu, ya ma zo gaisuwa, amma bai taɓa haɗa wannan da wancan ba, kuma ta ina zai haɗa? Tambaya ɗaya ce ta rage, me ya same ki, da Hausa, a inda yara ba sa ji. Ban ce da ya yi ta zan iya amsawa ba. Amma ba a yi ta ba, kuma wannan ya daɗe yana yi mini ciwo. Ƙarshen shekara aka karanta sunana cikin masu komawa gida. Baba ya ce madalla, Kaka ta ce dama boko ba ta karɓi gidanmu ba, washegari aka ba ni tulu.

Sannu a hankali ƙirga ta dawo mini a wajen awo da rabo, don mace ba ta riƙe gida sai da ita. Na yi aure, na haihu, na aurar. Da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubuta Hausa, ina zaune da sa'o'in ƴaƴana, ban ji kunya ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai karatu, shi kaɗai na taɓa buɗe wa cikina. Ya ce ajali ba ya jiran yatsan kowa. Ya tuna mini yara shidan da na dafa tare da ƙanena duk sun girma, kuma yaran da ba wanda ya ƙirga su ma sun tafi a wannan bazarar. Na ce gaskiya ne, kuma na yarda gaskiya ne. Amma ban taɓa ƙirga ƴaƴana ba. In masu rigakafi suka yi sallama suka tambayi yara nawa ne a gidan, sai in ce bari in kira uwarsu. Na ɗauka abin a cikina ya tsaya, zan tafi da shi kabari bai shafi kowa ba.

Ana nan, bayan takardar jikata da kamar wata biyu, wata rana bayan la'asar sai ga malamarsu ta yi sallama. Yarinya ce, ba ta kai autata ba, da ƴar jaka mai ƙarar murafan kwalba. Na amsa mata a daƙile, don har lokacin ina jin haushinta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta sha ruwa, sannan ta ce ba ƙara ta kawo ba, kuskurenta ta zo gyarawa. Ta ce ranar gwaji abin da ta fara nuna wa yarinyar hoton yara ne suna wasa, ta ce ta ƙirga su. Yarinya ta cusa hannuwa cikin hijabi, daga nan ko da aka kawo murafai ba ta sake buɗe baki ba, ita kuma ta rubuta ba ta iya ba. Sai da ta yi makonni tana zama da rukunin baya ta lura: in murafai ne ko tsakuwa, yarinyar tana haɗawa tana rabawa fiye da ƴan rukunin gaba, in aka ce ta ƙirga ƴan layinta, sai hannu ya koma cikin hijabi. Ta bari har aka tashi, ta zauna da ita su biyu a gindin itace, ta tambaye ta.

"Me ta ce miki, Malama?" na tambaya, ko da yake jikina ya riga ya ba ni.

"Inna, cewa ta yi Kaka ta ce ba kyau, wai wanda aka ƙirga mutuwa yake."

Na ce ban taɓa faɗa ba, har na rantse. Surukata tana bakin murhu, ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, ranar sunan ƙaramin nan da ke bayanta yara sun zagaye faranti, yarinyar ta fara nuna su da yatsa, na buge mata hannu na faɗi maganar. Ta maimaita mini ita, maganar kakata ce, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Wallahi har yau ban tuna na yi ba. Kunya ta rufe ni gaban yarinyar da na yi kwana biyu ina zagin aikinta.

Malamar ba ta yi mini wa'azi ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce kakarta ma a garin Tsauni haka take. Ta ce za ta mayar da yarinyar rukunin gaba, za ta rubuta wa ubanta takarda da hannunta, kuma in lissafin mutane ya zo za ta sa ta ƙirga takalmansu a bakin ƙofa, ba sai ta nuna kowa ba. Dabara ce mai kyau, ta mai tausayi. Amma ina jinta ina tunani: ita shekara ɗaya za ta yi da yarinyar. Baɗi wani malamin ne, mai yara cike da ɗaki, zai jera mata su ya ce ƙirga. In ta ƙi, a rubuta ba ta iya ba, ubanta ya cire ta. In ta yi, ranar da Allah ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ta ɗauki kayan da na ɗauka. Ni na ɗaura mata abin nan, ba malama ce za ta kwance shi ba.

Na ce wa surukata ta tara mini yaran gidan duka. Suka zo suna ture-ture, sun ɗauka rabon wani abu za a yi. Na sa suka jeru a tsakar gida, na zaunar da jikata gabana, na ce mata maganar da na faɗa ranar suna ba gaskiya ba ce, tsoro ne irin na tsofaffi, rai a hannun Allah yake, ƙirga ba ta kashe kowa. Ta dube ni da idanun nan nata masu auna mutum.

"To ke ki fara, Kaka."

Na dafa bango na miƙe. Ban san tsakar gidanmu tana da tsawo haka ba. Na yi bisimilla na dafa kafaɗar babbansu na ce ɗaya, da Hausa, da ƙarfi. Biyu. Uku. Yaran suna dariya don ba su saba ganin Kaka tana wasa ba. Na ƙarshe shi ne ƙaramin da ke goye a bayan uwarsa, wanda ya kwana biyu yana tari. A kansa hannuna ya tsaya a sama. Na ji surukata ta ɗauke numfashi, na ga jikata ba fuskata take kallo ba, hannuna take kallo. Na sauke shi a kan ƴar kafaɗarsa na ce tara. Ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishiri a bakina.

Sai ta tashi, ta fito da hannu daga hijabi, ta bi layin da sauri tana dafawa tana faɗa. Ta dafa ƙirjinta ta ce goma. Sannan ta juyo, ta yi ɗage ta kai hannu kafaɗata.

"Sha ɗaya, har da Kaka."

Malama ta yi murmushi, yara suka watse. Ni kuwa gabana ya faɗi, ba don kaina ba. Allah ne masanin kwana, amma a cikin sha ɗayan nan kowa ya san wadda ta fi kusa da tafiya. Na riƙe hannunta na ce mata ni tsohuwa ce, wata rana za a wayi gari babu ni, ko an ƙirga ni ko ba a ƙirga ba. Ta ce to, amma hankalinta ya riga ya koma wajen wasa, kuma na san yadda yaro ke cewa to.

Ubanta ya dawo shuka, aka karanta masa takardar malama, bai ƙara tayar da maganar cire ta ba. Tana rukunin gaba, ƙaramin ma tarinsa ya warke. Saura abu ɗaya, shi ya sa na ari bik, wato alƙalami, da takarda nake ta wannan rubutu, kwana da kwanaki. Na ba malama amana in na gama ta ajiye, ta miƙa wa yarinyar ranar da aka dawo daga rufe ni, ko ta karanta mata in ba ta kai ga iyawa ba. Ni ba wanda ya faɗa mini a lokacin da faɗar za ta yi amfani, na tsufa ina ɗauke da ƙanena a wuyana. Ke kuwa ga shi ina faɗa miki tun ina da rai, da hankalina, da hannuna: kwanana ne ya ƙare, ƴar nan. Ba ke ba ce. Ki share hawaye, gobe ki tafi lakwal.